Rushe Tsohon Gida: Wa Za Mu Ba Aikin?

Kaka ta wuce, an gama sussuka, hatsi ya shiga rumbu. A irin wannan lokaci ne yawancinmu muke juyawa ga aikin gida. Wani ɗakinsa ya tsage tun ruwan Agusta, ya tokare shi da gwafa yana jiran rani. Wani ya sayar da masara da waken suya, yana so ya kawar da tsohon ginin ƙasa na mahaifinsa ya sa na bulo a wurin. Wani kuma ya sayi tsohon gida a cikin gari, amma ba ya zaunuwa sai an rushe an sāke.

Mun lura da wani abu a wurin 'yan'uwanmu manoma. Sa'ad da za a yi gini, mutum yakan yi wata guda yana tambaya wane magini ne ya iya. Amma sa'ad da za a rushe, sai ya kira samari huɗu da diga, ko kuwa ya ba wanda ya faɗi kuɗi mafi kaɗan. Yakan ce, "Ai rushewa ba ta da wuya, ƙarfi kawai take so." Wannan kuskure ne, kuma yakan jawo hasarar kaya, da rigima da maƙwabci, wani lokaci har da hasarar rai. Rushe gida aikin sani ne kamar gina shi. Za mu bayyana yadda za mu gane wanda ya san aikin tun bai ɗauki diga ba.

Katanga Tana Da Nauyi

Bari mu fara da lissafi kaɗan. Ɗauki katangar ƙasa mai tsawon ƙafa 12, da tsayin ƙafa 8, da kaurin ƙafa 1 da rabi. Wannan bango ɗaya ne kawai na ɗaki matsakaici. Nauyinsa ya kai wajen tan 7, wato kamar buhun masara 70 masu kilo 100. Dukanmu mun san wahalar ɗora buhu ɗaya a kan keke. To, yaya buhu 70 za su yi wa mutum in sun sauko masa lokaci ɗaya?

Bango yana tsaye ne domin abubuwa uku: tushensa a ƙasa, da sauran bangaye da suka kama shi a kusurwa, da rufin da ya ɗaure su duka daga sama. In aka cire ɗaya daga cikin ukun nan, sauran biyu suna ɗaukar nauyin da ba a gina su dominsa ba. Tsohon gida kuwa yana da ɓoyayyun ciwo. Gara ta iya cinye azara daga ciki, waje kuwa tana nan kamar sabuwa. Ruwa ya iya cin gindin bango a gefen da ba a gani. Mai rushewa na kirki yana neman waɗannan wurare tukuna. Wanda bai sani ba sai ya gano su bayan bango ya kwanta.

Wane Aiki Ne Na Gayya, Wane Ne Na Ɗan Kwangila?

Ba kowane ɗaki ne yake bukatar ɗan kwangila ba. Za mu iya kasa aikin kashi uku.

Na fari, ɗakin jinka, ko gajeren ɗakin ƙasa mai rufin kwano wanda yake tsaye shi kaɗai nesa da maƙwabta. Wannan gayya ta isa, muddin akwai tsohon magini guda wanda zai tsaya ya ba da umarni, kowa kuma ya ji maganarsa. Gayya marar shugaba ita ce mai haɗari, gama wani yana sarar bango ta ciki, wani yana tura shi ta waje.

Na biyu, soro mai rufin azara da ƙasa, ko zaure mai baka, ko gidan da bangonsa ya haɗu da na maƙwabci. Rufin soro yana da nauyi ƙwarai, kuma bakan nan suna tura bango waje. Wannan aikin maginin ƙasa ne wanda ya taɓa gina irinsa da hannunsa. Shi ya san azarar da take ɗauke da 'yan'uwanta.

Na uku, gidan bulo mai kankare da rodi, musamman bene. Wannan na ɗan kwangila ne mai kayan aiki, kuma in bene ne lalle injiniya ya duba shi kafin a taɓa. Kankare ba ya faɗuwa kamar ƙasa. Rodi yakan riƙe shi yana lilo, sa'an nan ya sake shi lokacin da ba a zata ba.

Lokacin aikin kuwa rani ne. Bangon ƙasa da ya sha ruwa ba shi da tabbas. In ɗaki ya tsage da damina, a kwashe mutane daga ciki, a tokare shi, a hana yara zuwa kusa, a jira ƙasa ta bushe.

Abin Da Ke Wuyan Maigida Tun Kafin Ya Kira Kowa

Akwai abubuwa huɗu da ɗan kwangila ba zai yi mana ba.

1. Yardar dangi. In gidan gado ne, duk mai haƙƙi a ciki ya sani ya yarda, har da 'yan'uwa mata da suke gidan aure, da waɗanda suke birni. Gidan da aka rushe ba ya komawa. In akwai kabari a cikin gidan, kamar yadda yake a waɗansu wurarenmu, dattawa su nuna wurin a sa alama.

2. Iyaka. Sau da yawa tsohuwar katanga ita ce kaɗai shaidar iyaka tsakanin gida biyu. Ranar da ta faɗi, ran nan rigima take tashi. Saboda haka a kira mai unguwa da maƙwabta tun katanga tana tsaye, a kafa duwatsu ko turaku na ƙarfe a kusurwa huɗu, a auna, a rubuta. A ɗauki hoton bangon maƙwabci da wayar hannu a gabansa, domin tsagar da take nan tun dā kada a ɗora mana ita gobe.

3. Hukuma. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar birni tana hannun gwamna, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da takardar zama a kanta bisa al'ada. Dokar tsara birane ta 1992 ta lissafa rushe gini cikin ayyukan da hukuma take sa wa ido. A yau kowace jiha tana da tata hukuma: KASUPDA a Kaduna, KNUPDA a Kano, JMDB a Jos da kewaye. In gidan yana cikin gari, a je ofishinsu a tambaya kafin a fara. In ƙauye ne, a sanar da dagaci, a kuma tambayi sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ɗan kwangilar da ya ce, "Kada ka damu da takarda, za mu gama kafin su ji," ya riga ya gaya mana halinsa.

4. Lantarki da famfo. Kashe wuta daga cikin gida bai isa ba, gama wayar da ta taho daga turke har yanzu tana da wuta. Tun 2013 rarraba lantarki yana hannun kamfanoni. Na Jos yana kula da Filato, da Bauchi, da Gombe, da Binuwai. Na Kaduna yana kula da Kaduna, da Zamfara, da Sakkwato, da Kebbi. Na Kano yana da Kano, da Katsina, da Jigawa, na Yola kuwa Adamawa, da Taraba, da Borno, da Yobe. Ma'aikatansu ne za su cire waya da mita. Kada a sa yaron unguwa ya hau turke. In akwai faranti mai kama hasken rana da batir, a sa wanda ya iya ya kwance su tukuna.

Inda Za Mu Nemo Shi

Kada mu tsaya ga mutum ɗaya. A kira aƙalla uku, kowa ya zo ya ga gidan da idonsa a rana dabam. Wanda ya yanka kuɗi ta waya bai ga gida ba, a bar shi. Ko dai zai ƙara kuɗi a tsakiyar aiki, ko kuwa zai rage aikin ya dace da kuɗin.

A tambayi kowannensu gida biyu ko uku da ya rushe a shekarun nan. Sa'an nan a je can, gama gani ya kori ji. A gaida mai gidan a tambaye shi: An gama a lokacin da aka ce? An ƙara kuɗi? Wani ya ji ciwo? Bayan haka a shiga gidan maƙwabci a yi masa tambaya shi ma. Maƙwabci shi ne ya sha ƙura, shi ne aka tare wa hanya, kuma ba ya jin kunyar ɗan kwangila. A wurinsa za a ji gaskiya. In ana iya samun lebura guda da ya taɓa yi masa aiki, a tambaye shi ko ana biyansu a kan kari. Wanda yake riƙe haƙƙin leburorinsa, leburorin za su biya kansu da kwanonmu da ƙofofinmu.

Game da takardu: in mutum ya ce yana da kamfani, ya nuna rajistarsa ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Ana iya duba sunan ta intanet, wani ɗan makaranta cikin ƙungiya zai iya yi mana. In ya ce shi injiniya ne, majalisar injiniyoyi, COREN, wadda aka kafa a 1970, tana ba kowane injiniya lamba. Ƙwararrun magina kuwa tasu majalisar ita ce CORBON, tun 1989. Domin bene, a nemi waɗannan lambobi. Amma mu sani, takarda tana nuna inda za a sami mutum ne in abu ya ɓaci. Ba ta nuna ya iya aiki. Tsohon magini na ƙauye ba shi da takarda ko ɗaya, amma garin duka shaidarsa ne.

Tambaya Mafi Muhimmanci

Sa'ad da ya gama zagaya gidan, a ba shi ruwa ya sha, sa'an nan a ce masa, "Malam, daga ina za ka fara, ina kuma za ka ƙare?" A yi shiru a saurara. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Amsar wanda ya sani ita ce, gida ana sauke shi ne kamar yadda aka ɗora shi, amma a juye. Abin da magini ya sa daga ƙarshe shi ake fara cirewa. Da fari ƙofofi, da tagogi, da silin, da wayoyi. Sa'an nan kwano, falle falle. Sa'an nan katakon rufi, ko kuwa ƙasar soro a kankare ta kaɗan kaɗan kafin a zare azara. Bayan haka bango, daga sama zuwa ƙasa, sahu sahu, ana zagayawa, domin dukan bangaye su riƙa raguwa tare. Ba a rushe bango uku a bar na huɗu yana tsaye shi kaɗai. Ba a kuma tashi aiki da yamma a bar dogon bango ba abin da ya kama shi, gama iskar dare ko wasan yara ya isa ya kā da shi. Tushe shi ne na ƙarshe.

Amsar da ya kamata ta ba mu tsoro ita ce wannan: "Za mu haƙe gindinsa ne, mu tura shi ya kwanta. Kafin azahar mun gama." Wannan hanya tana da sauri, shi ya sa masu aikin jinga suke sonta. Amma mai haƙa yana durƙushe a gindin buhu 70 ɗin nan, yana cire abin da yake riƙe da su. Bango ba ya yin sallama, kuma ba kullum yake faɗuwa ta inda aka nufa ba.

Ga waɗansu tambayoyi da za a ƙara:

Ina ma'aikata za su tsaya sa'ad da suke aiki a sama? Ya kamata ya ce a kan dakali na katako da aka kafa, ba a kan bangon da ake sara ba.

Yaya za a kāre bangon maƙwabci? Ya kamata ya yi maganar tokara, da aikin hannu a wannan gefe ko da ya kawo katafila.

Wa zai tsaya a wurin kullum? In shi ba zai zauna ba, mu ga wakilinsa mu san sunansa.

Ina za a kai ɓaraguzai? In ya ce rafi, ko magudanar ruwa, ko gonar da ba a san mai ita ba, damina za ta kawo mana ƙara.

Araha Ba Ta Ado

Tsohon gida yana da dukiya a jikinsa. Azarar giginya gara ba ta cika cinta ba, takan yi shekaru masu yawa, kuma giginya tana ƙara wuyar samu. Kwano, da ƙofofin ƙarfe, da rodi, da katako, duk kuɗi ne. Tsohuwar ƙasar gini ma ana jiƙa ta a sāke yin tubali da ita, wadda ta ragu kuwa a kai gona, in ba ta gauraya da siminti ko fenti ba. Mun san yadda dawa take yi a kufai.

Saboda haka wani zai zo ya ce, "Maigida, ba sai ka biya ni ba, ka bar mini kayan kawai." Ko kuwa ya yanka kuɗi rabin na sauran. A nan ne ya kamata mu yi hankali. Mutumin da ribarsa tana cikin azara da katako, su zai fara zarewa, ko da su ne suke riƙe da gidan. In ya kwashe abin sayarwa kuma, me zai sa ya dawo ya kwashe ɓaraguzai?

Wannan ba a ƙauye kaɗai yake faruwa ba. Har a ƙasashen da suke da dokoki masu tsanani an ga irinsa. A birnin Filadelfiya na Amurka, ran 5 ga Yuni, 2013, ana rushe wani bene mai hawa huɗu. Kusa da shi akwai kanti mai hawa ɗaya, mutane suna ciki suna sayayya. Ɗan kwangilar ya riga ya zare katakon da yake ɗaure bangaye, domin ya sayar, ya bar dogon bango yana tsaye ba abin da ya riƙe shi. Bangon ya faɗa kan kantin. Mutum 6 suka mutu, fiye da 10 suka ji rauni. A 2016 aka yanke wa ɗan kwangilar ɗaurin shekara 15 zuwa 30. Mai ginin ma bai tsira ba, gama a 2017 kotu ta same shi da nasa rabon alhaki, ya kuma biya diyya mai yawa. Darasi biyu ne a nan. Kwaɗayin kayan da za a sayar yakan juya tsarin aiki. Kuma wanda ya ba da aikin ba zai iya cewa ba ruwansa ba.

Hanyar da ta fi ita ce a biya mutum kuɗin aikinsa sosai, kayan kuwa su zama na maigida. A ƙirga su tun suna jikin gida: falle nawa, azara nawa, ƙofa nawa. In ana so a sayar masa, a yi cinikin dabam bayan an sauke su.

Hattara Da Asbestos

Gidaje da yawa da aka gina daga wajen 1960 zuwa 1990, musamman gidajen ma'aikata, da makarantu, da dakunan shan magani, suna da rufi ko silin na asbestos. Shi ne wannan falle mai launin toka, mai kauri, mai kama da siminti, wanda yake karyewa maimakon lanƙwashewa. In yana zaune a wurinsa ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma in aka fasa shi, ko aka yanka, yakan saki ƙura mai siririn zare wanda ido ba ya gani. Zaren nan in ya shiga huhu ba ya fita. Yakan kawo ƙanƙancewar huhu da ciwon daji, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20, ko 30, ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 200,000 suke mutuwa kowace shekara saboda shaƙar asbestos a wurin aiki. Ingila ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu kuma a 2008.

A nuna wa ɗan kwangila silin ɗin a ce, "Wannan fa, yaya za ka yi da shi?" In ya ce za a buge shi da guduma ya zubo, bai sani ba. Ga yadda ake yi: a jiƙa shi da ruwa sosai, a kwance ƙusa ko ƙugiya a hankali, a sauke kowane falle ɗungum da hannu, kada a jefo shi. A naɗe shi cikin leda mai kauri. Kada a share ƙurarsa da tsintsiya a bushe. Ƙyalle a hanci ba ya tare zaren nan, sai abin rufe hanci na musamman mai matata. Ma'aikata su wanke jiki su canja tufafi a wurin aiki, kada su kai ƙurar gida ga matansu da 'ya'yansu. A tambayi hukumar kula da muhalli ta jiha inda za a binne shi. Kada a yi akurkin kaji da shi, kada a shanya barkono ko kuɓewa a kai, kada kuma a farfasa shi a cike hanya.

Ramukan Da Ke Ƙasa

Kowane tsohon gida yana da masai, wani yana da biyu ko uku da aka rufe aka manta. Akwai kuma tsohuwar rijiya. Tsofaffin matan gidan su ne suka fi sanin inda suke, a tambaye su. A sa alama, domin tifa ko katafila in ta taka murfin za ta burma. Kada kowa ya shiga tsohuwar rijiya ko ramin masai ko da don ɗauko kayan aiki ne, gama iskar ciki takan kashe mutum cikin 'yan mintoci, ta kuma kashe wanda ya bi shi domin ceto. A cike su da ƙasa kaɗan kaɗan ana dannawa. A nuna wa maginin sabon gida wurin, domin kada ya kafa tushe a kai.

A Rubuta

Ko da ɗan kwangilar ɗan'uwanmu ne, a rubuta. Takarda ba rashin amincewa ba ce, tana tsare zumunci ne. Falle ɗaya ya isa, da Hausa, kowa ya riƙe nasa. Ga abin da zai kasance a ciki:

1. Ɗakunan da za a rushe, da abin da za a bari, kamar itatuwa, da rumbu, da katangar iyaka. A shafa wa abin da za a bari farar ƙasa.

2. Tsarin aikin kamar yadda ya faɗa da bakinsa.

3. Ranar farawa da ranar gamawa.

4. Jimlar kuɗi, da cewa ba ƙari sai da yardar maigida a gaban shaidu.

5. Lissafin kayan da za a sauke, da mai su.

6. Inda za a kai ɓaraguzai, da wanda zai biya tifa.

7. Wanda zai gyara in an ɓata bangon maƙwabci.

8. Wanda zai biya magani in ma'aikaci ya ji rauni.

Game da na takwas, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, domin a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Babban ɗan kwangila ya nuna shaidar wannan. Ƙaramin da ba ya ciki kuwa, a yi magana da shi a fili tun da wuri, a rubuta abin da aka shirya. Asibiti ba wurin yin ciniki ba ne.

Kuɗi kuwa a raba shi uku. Kashi ɗaya kafin alƙalami, domin ya kawo kayan aiki da mutane. Kashi na biyu sa'ad da rufi ya sauka aka ƙirga kaya suka cika. Na uku sai fili ya zama fes, an cike ramuka, maƙwabci kuma ya ce ba shi da magana. Wanda ya nace sai an ba shi duka tun farko, a sallame shi da girma. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiya, ɗaya kuma mai unguwa ko wakilinsa.

Ranar Aiki

Iyali duka su tashi daga gidan, kada a ce tsohuwa za ta zauna a ɗakin baya har a iso wurinta. A kwance dabbobi a kai su nesa. A ja igiya ko a kafa zana kewaye da wurin, nisanta daga bango ya kai tsayin bangon da rabi. A sa babban mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai korar yara, gama yara suna son kallon rushe-rushe, suna kuma son tsintar ƙusa da ƙarfe. A gaya wa maƙwabta ranar da za a taɓa gefensu domin su fita daga ɗakunan da suke kusa.

Ma'aikata su sa takalmi mai tauri, da safar hannu, da hular kwano. A tsohon bango akwai kunama, wani lokaci da maciji. A riƙa yayyafa ruwa domin ƙura. Wanda ƙusa ta soke shi ya wanke wurin da sabulu ya je asibiti ran nan domin allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Kada a bar wanda ya sha giya ko ƙwaya ya hau sama. Maigida ko wakilinsa ya zo safe da yamma. In ya ga an bar tsarin da aka rubuta, musamman in ya ga ana haƙar gindin bango, ya tsai da aikin nan take. Gidansa ne, yana da iko.

Abin Da Ƙungiya Za Ta Iya Yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manomi ɗaya zai rushe gida sau ɗaya ko sau biyu ne a rayuwarsa, saboda haka ba shi da damar koyo daga kuskurensa. Amma ƙungiyar gama kai tana ganin irin wannan aiki kowace shekara.

Muna ba da shawara magatakarda ya buɗe shafi a littafin ƙungiya. Duk wanda aka yi wa aiki ya zo ya faɗi sunan magini ko ɗan kwangila, da yadda aikin ya tafi, a rubuta. Bayan shekara biyu ko uku za mu san na kirki, su ma za su san ana rubutawa. Ƙungiya ta iya sayen huluna, da safar hannu, da igiya, da tsani mai kyau, ta riƙa ba da aronsu kamar yadda ake ba da aron abin feshi. In mutum uku suna da aiki a rani ɗaya, su haɗu su ɗauki tifa tare. Ƙungiyar da take ba da rance domin gini ta iya sa sharaɗi, cewa sai ta ga takardar yarjejeniya kafin kuɗi ya fita.

A taronku na wannan wata, ku karanta wannan tare. Ku tambaya ko akwai wanda yake shirin rushe ɗaki a ranin bana. Ku zaɓi mutum biyu su raka shi sa'ad da zai yi magana da ɗan kwangila, ɗaya daga cikinsu ya zama wanda ya taɓa yin gini. Kada kuma ku manta da ɗakin gwauruwa ko na tsoho wanda ya tsage, mai shi kuwa ba shi da ƙarfin gyarawa. Ku je ku duba shi yanzu, tun gajimare bai haɗu ba.